Gawayin ɓawon kwakwa da ragowar magani a ruwan Legas

Ɗalibar Akoka:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, kuma binciken da nake yi ya taɓo wani lamari da nake ganin ya shafe mu duka, tunda yawancinmu a nan ruwan rijiyar burtsatse da na 'yan garuwa muke sha. Maganin da mutum ya haɗiya ba ya ƙarewa duka a jikinsa. Wani kaso jiki yana sarrafa shi, wani kuma yana fita ta fitsari da bayan gida yadda ya shiga. Metfomin da masu ciwon sukari suke sha, alal misali, kusan gaba ɗayansa yake fita bai canja ba. A gari irin Legas, inda mafi yawan gidaje ramin sokawe suke da shi a bayan gida, ga ruwan ƙasa a kusa, ga lambatu yana zuba kai tsaye cikin magudanar da take kaiwa tafkin Legas, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane inda wannan ragowa take zuwa.

A shekarar 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila sun fitar da sakamakon awon da suka yi a koguna 258 na ƙasashe 104, inda suka nemi magunguna iri 61. Waɗanda aka fi samu su ne karbamazefin na masu farfaɗiya, da metfomin, da kafin ɗin da yake cikin kofi da goro, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da aka auna suna da aƙalla magani ɗaya da ya haura mizanin da ake ɗauka bai da haɗari. Kafin nan, a 2019, wani awon na wannan jami'a a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya sa Najeriya, tare da Bangladash da Kenya da Gana da Pakistan, cikin ƙasashen da aka fi haura mizanin.

Abin da nake gwadawa shi ne ko gawayin da aka yi da sharar gona mai araha, wato ɓawon kwakwa da ɓuntun shinkafa da totuwar masara, zai iya kama waɗannan magunguna daga ruwa. A kwalabena na ɗakin gwaje-gwaje yana kamawa sosai. Tambayata ga masu ilimi da masu sana'a a cikinmu ita ce, ta wace hanya wannan abu zai fito daga kwalba ya amfani unguwa?

Baban 'Yan Garuwa, Agege:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Na shafe shekaru masu yawa a sana'ar ruwa a garin nan, kuma yara da dama suna tura kura a ƙarƙashina, saboda haka maganarki ta tayar mini da hankali, domin idan ruwan da muke kai wa mutane yana ɗauke da abin cutarwa, haƙƙin yana wuyanmu. Mu abin da muka sani shi ne, idan ruwa ya yi gurɓi a jefa masa alif ya kwanta, idan kuma ana tsoron cuta a tafasa shi. Shin waɗannan biyun ba su isa ba? Na kuma tashi na ga mahaifiyata tana jefa gawayi cikin randa idan ruwa ya yi ɗan wari. Ko wannan gawayin namu na murhu shi ne kike nufi, ko kuwa naku na 'yan boko daban ne?

Ɗalibar Akoka:
Baba, amin, na gode. Alif yana tattara laka da dattin da yake yawo a ruwa ne ya kwantar da su, amma magani ya riga ya narke kamar yadda gishiri yake narkewa, don haka kaɗan ne kawai yake bin lakar zuwa ƙasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma kada kowa ya daina ta, sai dai yawancin magungunan nan zafin tafasar ruwa ba ya lalata su.

Abin da Inna take yi da randa kuwa yana da tushe, domin asalin hikimar ɗaya ce. Gawayi ba tsotse magani yake yi kamar yadda soso yake tsotse ruwa ba; maganin ne yake maƙalewa a jikinsa, kamar yadda ƙarangiya take kama bakin wando idan mutum ya ratsa gona, ruwa ya wuce, ita ta tsaya. Saboda haka abin da ake nema shi ne yawan jikin da za a maƙale masa. Gawayin murhu yana da ƙananan ramuka, amma yawancinsu a toshe suke da kwalta da ragowar hayaƙi, saboda wutar da ta gasa shi ba ta kai ba. Idan aka gasa ɓawon a rufe, inda iska ba ta shiga sosai, sannan aka bi shi da tururin ruwa a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000, ko kuma aka jiƙa shi a sinadari irin su asid ɗin fosforik kafin a gasa a zafin da bai kai haka ba, sai ramukan su buɗe. Gawayin da aka buɗe wa ramuka haka, giram ɗaya nasa yana iya samun faɗin ciki na murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Ke nan abin da bai wuce cikin cokali biyu ko uku ba, idan da za a shimfiɗa dukan bangon ramukansa, zai rufe filin ƙwallo.

Ba sabon abu ba ne. Irinsa ne ake ɗura wa wanda ya sha guba a asibiti, kuma ƙasashe irin su Siri Lanka da Filifin da Indiya sun daɗe suna yin sa da ɓawon kwakwa suna sayar wa duniya. Mu da muke da Badagiri, garin kwakwa, a gefenmu, shigo da shi muke yi da dala.

Injiniyan Ruwa, Ikeja:
Ƙanwata, bayaninki daidai ne, kuma ina yaba miki. Amma tunda kin tambayi yadda abin zai fito daga kwalba, ki ba ni dama in faɗi dalilin da ya sa shekara da shekaru ya ƙi fitowa. Babu wata shekara da jami'o'inmu ba sa fitar da takardu a kan ɓawon lemo da na ayaba da na rogo da na gyaɗa, kowace tana cewa an cire fiye da kashi 90 cikin ɗari, amma ni a aikina abin da nake zubawa a tankin tacewa har yau gawayin buhu ne da ya zo ta tashar Apapa. Ruwa ba ya tsami banza.

Matsala ta farko ita ce irin ruwan da kuke gwaji da shi. Kuna ɗaukar tataccen ruwa wanda babu komai a cikinsa, ku zuba magani guda ɗaya, galibi miligiram 50 ko 100 a kowace lita, saboda na'urar haske da take yawancin ɗakunan gwajinmu ba ta ganin abin da ya gaza haka da nisa. A kogi kuwa maganin yana zuwa ne a ma'aunin maikirogiram (kashi ɗaya cikin dubu na miligiram), wani lokaci ma nanogiram (kashi ɗaya cikin dubu na maikirogiram). Domin Baba ya gane girman tazarar: maikirogiram ɗaya a lita daidai yake da a narkar da ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 a cikin tankokin mota 15 masu cin lita 33,000. Tsakanin wannan da miligiram 50 akwai ninki 50,000. Yadda gawayi yake kamawa idan magani ya yi masa yawa daban yake da yadda yake kamawa idan sai ya lalubo shi.

Ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ruwan magudana irin ta Odo Iya Alaro ba magani kaɗai yake ɗauke da shi ba; akwai sabulu, da man juye, da rini, da ruɓaɓɓen ganye, da ƙazantar bayan gida, kuma yawansu ya ninka na maganin sau dubbai. Gawayi ba ya zaɓe. Duk abin da ya riga isa rami shi zai zauna a ciki, sai maganin da aka kafa tarkon dominsa ya zo ya tarar babu masauki. Shi ya sa gawayin da lissafin Langmuir, wanda ake ƙiyasta yawan abin da gawayi zai iya kamawa da shi, ya ce zai yi wata shida yana aiki yake iya cika cikin 'yan makonni.

Sannan ba kowane magani ne yake son gawayi ba. Karbamazefin da diklofenak, maganin rage ciwo, suna kamuwa da kyau, amma metfomin, wanda kika buɗe magana da shi, ƙanƙane ne kuma ya fi son zama a ruwa, saboda haka yawancinsa wucewa yake yi. Ɗanyen ɓawon lemo ko na ayaba da ba a gasa ba kuwa, ina roƙon kada kowa ya zuba shi a ruwan sha, domin shi kansa zai ruɓe ya zama abincin ƙwayoyin cuta.

Mai Kemis, Idi-Araba:
Kafin a ci gaba ina so in kwantar wa Baba da hankali, domin na lura maganar ta fara karkata zuwa tsoron randa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan magunguna a ruwan sha, inda ta ce abin da ake samu galibi ya gaza mafi ƙarancin adadin da ake ba majiyyaci da fiye da ninki dubu, kuma da wuya ya cutar da mai sha kai tsaye. A ɗauki lissafin Injiniya: mai shan lita biyu a rana na ruwan da yake da maikirogiram ɗaya a lita sai ya yi kimanin shekara 685 kafin ya haɗa ƙwayar farasitamol guda. Abin da yake kwantar da mutanenmu daga ruwa shi ne taifot da amai da gudawa, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a garin nan a watan Yunin 2024 ba. Wanda yake da naira ɗari ta gyaran ruwa, ya fara da kashe ƙwayar cuta.

Inda nake ganin haɗarin gaske shi ne lambatu. Idan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su siprofuloksasin da amoksisilin da Flagyl suka zauna a ruwan ƙazanta da ƙarfin da bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta ba, sai masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, har ma su miƙa wa wasu wannan taurin kan. Wata rana irin wannan ƙwayar za ta shiga jikin yaro, a ba shi maganin da aka saba ya ƙi ji. Mujallar Lancet ta buga a 2022 cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. Ni a kanta nake ganin alamarsa: mutum ya sayi ƙwaya huɗu maimakon cikakken zubi, ya ji sauƙi ya ajiye sauran, bayan shekara matarsa ta share ɗaki ta watsa su a kwata.

Likitan Dabbobi, Oko-Oba:
Malam mai kemis ya yi gaskiya a kan ɗan Adam, amma kada ƙanƙantar adadi ta sa mu sakankance, domin ba mu kaɗai muke shan ruwan ba. A wani tafkin gwaji da ke Ontariyo ta ƙasar Kanada, masu bincike sun riƙa zuba sinadarin da yake cikin ƙwayar tsarin iyali a ma'aunin nanogiram 5 zuwa 6 a lita, sai mazan wani ƙaramin kifi suka fara ɗaukar siffar mata, cikin 'yan shekaru kifin ya kusa ƙarewa a tafkin. An buga sakamakon a 2007. Labarin ungulu a Indiya da Pakistan ma darasi ne, ko da yake shi ta mushe ya biyo: an riƙa yi wa shanu allurar diklofenak, ungulu ta ci gawarsu ƙodarta ta lalace, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, kafin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

Akwai wanda ya fi kusa da gida. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar cewa sun samu taramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta mamaki cewa itace yana haɗa maganin da aka ƙirƙira a masana'anta. Shekara ɗaya bayan haka wasu daga Jami'ar Dortmund ta Jamus suka bi sawu, suka tarar manoman yankin suna sha, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, shanun su yi fitsari a inuwar itatuwa, saiwa ta ɗauka. Sun same shi a cikin ƙasar yankin da ruwansa, har da saiwar wasu itatuwan daban. Duk wanda ya san yadda ake amfani da wannan ƙwaya a garuruwanmu ba zai ce labarin Kamaru ne kaɗai ba.

A ɓangarenmu, ku dubi dabbar da ta yi kwana biyu ko uku a tirela daga arewa ta sauka a galabaice. Abu na farko da mai ita yake nema shi ne allurar oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba kowa ne yake jiran kwanakin da aka ƙayyade su cika kafin yanka ba. Kasuwar dabbobi ta Kara tana bakin kogin Ogun, kogin kuma tafkin Legas yake zuba. A haɗa da gidajen kaji da kududdufan tarwaɗa na Ikorodu da Epe, waɗanda suke sauya ruwa su saki tsohon a magudana. Idan ana neman wurin da za a ajiye gawayin nan ya riƙa tace ruwa, a ganina bakin irin waɗannan bututu ne, inda maganin yake da kauri kuma bai riga ya watsu ba.

Alhajin Mile 12:
Ni ba ɗan kimiyya ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wato inda ake cewa abin mai araha ne saboda shara ce. 'Yata, shara tana zama shara ne kawai kafin a san wani yana so. Ɓawon kwakwa a yanzu haka yana da masu saye, domin ana yin gawayin shisha da na gashi da shi. Ɓawon kwakwar manja masana'antu suna hura wuta da shi, har waje ake fitarwa. Dusa da ɓawon rogo masu kiwo suna jira. Ranar da kika zo da mota kina neman buhu hamsin, ranar za a yi masa kuɗi, kuma kuɗin ɗauka daga Badagiri zuwa Ikeja da cunkoson hanyar nan ba ƙarami ba ne.

Wanda nake ganin zai samu da yawa shi ne ɓuntun shinkafa, tunda an buɗe babban injin casa na Imota a watan Janairun 2023, kuma masu casa sun san cewa a kowane buhu biyar na shanshera kusan buhu ɗaya ta nauyi ɓuntu ne. Akwai kuma garin katako na masu yankan katako. Ki gaya mana, idan an gasa buhu goma nawa ne yake saura, kuma da wace wuta za a kai zafin da kika ambata a garin da kowa da janareto yake aiki?

Ɗalibar Akoka:
Alhaji, tambayarka ita ce wadda takardunmu suke tsallakewa. Idan aka gasa busasshen ɓawo, kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ne yake zama gawayi, idan kuma aka buɗe ramukan da tururi sai ya ƙara raguwa ƙwarai. Hanyar asid tana ba da fiye da haka, amma asid ɗin saye ake yi, kuma sai an wanke gawayin da ruwa mai yawa, ruwan wankin ma ya zama wata ƙazantar da za a nemi yadda za a yi da ita. Ɓuntun shinkafa yana da nasa aibin, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, tokar kuma yawanci sinadarin yashi ce, saboda haka gawayinsa bai kai na kwakwa ƙarfi ba kuma yana saurin dagargajewa.

A kan wuta akwai mafita guda. Ana yin murhun durom wanda ake hudawa a ƙasa, a cika shi da ɓawo, a kunna daga sama, a kafa masa bututun hayaƙi. Iskar da take fita daga ɓawon ita ce take ci, kuma idan iska tana ja da kyau zafin yana iya haura digiri 800 ba tare da lantarki ba. A ƙauyukan kan iyakar Tailan da Miyanma an yi amfani da irin wannan gawayi a jerin ganguna huɗu: tsakuwa, sai yashi, sai gawayi, sai ta ajiya. Bai kai na masana'anta ba, don haka sai an zuba mai yawa, amma ya fi na murhu nesa ba kusa ba.

Yaya Injiniya, na karɓi gyaranka, kuma gaskiya ne da tataccen ruwa nake aiki. Sai dai ban yarda cewa wannan ya rushe maganar ba. Jerin gangunan nan amsa ce ga matsalar da ka kawo, domin tsakuwa da yashi suna rage dattin da zai cinye ramuka kafin ruwa ya kai ga gawayi. Kuma gawayin Apapa ma ba ya zaɓe, shi ma cika yake yi. Bambancin shi ne idan namu ya cika ba sai an nemi dala ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Obalende:
Ina goyon bayan Likita a kan cewa bakin bututu ya kamata a tare. Na taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a garin nan, inda ragowar allura da ruwan ƙarin da aka haɗa da magani duk a wurin wanke hannu muke juye su, bututun kuma lambatun titi yake fita, mai sayar da abinci tana wanke kwanukanta a 'yan taku kaɗan daga wurin. Babu wanda ya taɓa ce mana laifi ne, ni ma sai daga baya abin ya dame ni. Fitsarin majiyyatan da suke kwance ana yi musu allura mai ƙarfi sau uku a rana shi ma ramin sokawe ɗaya yake shiga da na kowa.

Amma akwai abin da ba ya buƙatar gawayi ko kaɗan. Maganin da wa'adinsa ya ƙare a gidajenmu, ina uwa za ta kai shi? NAFDAC tana ƙona na 'yan kasuwa da wanda ta kama, amma matar da take da rabin kwalbar sirof a kan firji masai ta sani ko kwandon shara, daga kwandon kuma sai jujin Olusosun, inda ruwan sama zai wanke shi zuwa ƙasa. Malam mai kemis, me zai hana ku ajiye kwali a shagunanku mutane su riƙa dawo da shi?

Mai Kemis, Idi-Araba:
Malama, ajiye kwalin ba wuya. Wuyar ita ce wanda zai zo ya kwashe, da kuma tabbatar da cewa abin da aka tara bai zagaya ya koma kasuwa da sabon kwanan wata ba, domin wannan ya fi zubarwa a kwata muni. Sai an kulle shi, an rubuta abin da ya shiga, an kuma miƙa shi ga masu izinin ƙonawa. Zan kai maganar taron ƙungiyarmu na wata mai zuwa.

Injiniyan Ruwa, Ikeja:
Ƙanwata, ban ce maganar ta rushe ba, cewa na yi ba a fara ta daga inda ya kamata ba, kuma amsarki ta kusantar da mu. Saura tambayoyi biyu. Ta farko, yaya mai durom zai san gawayinsa ya cika? Ruwa zai ci gaba da fitowa garau, babu launi babu wari, alhali maganin yana wucewa, wani lokaci ma wanda aka kama da farko ya saki ya biyo ruwa. Na'urar da take ganin nanogiram tana da tsada ƙwarai kuma ba ta jure ɗaukewar wuta. Don haka aikin da zai yi amfani shi ne a gwada da ruwan bututu na gaske, a bar shi yana ratsa gawayin dare da rana, a gano bayan lita nawa yake fara zuba, sannan a ba mai asibiti ƙa'ida mai sauƙi cewa duk bayan kwana kaza ya sauya. Ta biyu, gawayin da ya cika ina za a kai shi? Maganin yana nan a jikinsa bai mutu ba. Idan aka watsar da shi a juji, an gudu ba a tsira ba. Idan wani ya tsince shi ya gasa tsire da shi kuwa, abin ya fi muni. Dole a ƙona shi a wuta mai tsanani irin ta ƙona sharar asibiti, ko a sake gasa shi a rufe a mayar da shi aiki.

Game da wanda zai biya, a dubi yadda wasu suka yi. Suwizalan ta fara aiki da doka a 2016 wadda ta wajabta wa kimanin matatun ƙazanta 100 daga cikin wajen 700 su ƙara matakin gawayi ko na iskar ozon domin cire kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan sinadarai, ana karɓar har faran 9, kuɗin ƙasar, a kan kowane mutum a shekara. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta amince cewa kamfanonin magani da na kayan kwalliya su ɗauki aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin irin wannan mataki. Su suna ƙara hawa na huɗu ne a kan gini mai hawa uku. Mu a yawancin unguwanninmu ba a haƙa harsashi ba. Matatun ruwan sha irin na Iju, wadda take aiki tun 1915, an tsara su ne don laka da ƙwayar cuta. Shi ya sa nake ganin wurin farawa shi ne masana'antun magani na Ikeja da Ilupeju da Agbara da Ota, da manyan asibitoci, inda hukumomin kare muhalli, LASEPA ta jihar Legas da NESREA ta tarayya, da takwarorinsu suke da hurumin duba abin da yake fita. Misalin Patanceru kusa da Haidarabad ta Indiya ya isa gargaɗi: a 2007 an auna siprofuloksasin har miligiram 31 a lita a ruwan da yake fita daga matatar da masana'antun magani suke zuba wa, fiye da abin da ake samu a jinin majiyyacin da yake shan maganin.

Baban 'Yan Garuwa, Agege:
To, na fahimci cewa ba zan ce wa yarana su riƙa jefa gawayi a jarka ba, sai dai mu ƙara kula da wanke jarkunan da kuma nisan rijiya da ramin sokawe. Amma Injiniya, idan ana neman wurin gwaji, a layinmu akwai mai kiwon tarwaɗa da yake sakin ruwa duk bayan 'yan kwanaki, kuma mutumina ne, ba zai ƙi a kafa ganguna a bakin bututunsa ba. Maƙerin da yake gyara mana kura zai iya huda durom idan aka zana masa yadda ake so.

Alhajin Mile 12:
Ni zan ba da buhu biyar na ɓawon kwakwa da biyu na totuwar masara, amma ɗauka ba a kaina ba. 'Yata, busasshe kike so, ko a kawo yadda yake?

Ɗalibar Akoka:
Busasshe, Alhaji, kuma a fasa shi kamar girman goro domin iska ta ratsa. Allah ya saka da alheri. Baba, a roƙa mini mai tarwaɗar ya ajiye kwalaye da ledojin duk maganin da yake zuba wa kifin, domin sai na san sunan abin da nake nema kafin in auna. Zan nemi izinin malamina gobe, idan ya amince zan zo ranar Asabar bayan azahar da kwalaben ɗibar ruwa da akwatin ƙanƙara. Yaya Injiniya, wane girman bututu za a sa tsakanin gangar yashi da ta gawayi?

Injiniyan Ruwa, Ikeja:
Inci ɗaya ya isa, amma a sa famfo a tsakani da wani a ƙarshe, domin ki riƙa ɗibar ruwa kafin gawayi da bayansa. Zan turo zanen yau da dare, Baba ya miƙa wa maƙerin.